Zuwa Ankara ta Ghana: amsoshin tambayoyin da baƙi suke yawan yi mana

Assalamu alaikum jama'a. Mu da muke zaune nan unguwannin Nima da Mamobi a Ankara da wuya sati ya wuce wani bai kira daga Kano ko Sakkwato ko Yamai ba, wani lokacin ma 'yan'uwanmu na Kumasi da Tamale, wai yana so ya zo ganin gari ko sari ko ya kawo mara lafiya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda, mai niyyar tasowa ya karanta tun yana gida. Ankara da nake magana ita ce babban birnin Ghana, a tikiti da allunan hanya Accra zaka ga an rubuta. Ban sa farashin komai ba da gangan, kuɗin mota da na ɗaki yau daban gobe daban, wannan mai masaukinka zaka tambaya ana gobe zaka taso.

Sai na nemi biza kafin in shigo?

In kai ɗan Najeriya ne ko wata ƙasa ta ECOWAS ba ruwanka da biza, kana da damar zama har kwana 90. Amma fa ka zo da fasfo mai rai, kuma ka tsaya a buga maka hatimin shiga a boda, ka buɗe ka duba kwana nawa jami'in ya rubuta kafin ka bar gabansa. Masu bin hanyar daji su tsallake ba hatimi ranar fita suke gane kurensu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa, tunda ƙasashensu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gara su leƙa ofishin jakadancin Ghana su ji halin da ake ciki kafin su sayi tikiti.

Abu na biyu shi ne yalo kad, katin rigakafin cutar shawara. Ana tambayarsa a filin jirgi ana tambayarsa a boda. Ka je a yi maka allurar da gaske aƙalla kwana 10 kafin tafiya, dan Allah kar ka sayi katin da ba allura a tasha, lafiyarka ce ba ta jami'in ba.

Jirgi ya fi ko mota?

Ya danganta da aljihu da ƙarfin jiki. Daga Legas jirgi kusan awa ɗaya ne, mutanen Kano galibi sai sun biyo ta Abuja ko Legas. Filin jirginmu da aka sani da Kotoka a cikin gari yake, daga nan zuwa Nima in ba cunkoso minti ashirin ma ya yi yawa. Ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, Najeriya da Nijar suna gabanmu.

Ta mota daga Legas boda uku zaka tsallake, Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da ke manne da Lome, daga nan awa uku zuwa huɗu ka shigo gari. Nisan duka bai kai kilomita 500 ba amma ka ɗauka yini guda ne cur, tsaye-tsayen boda da shingayen hanya su ke cinye lokacin ba gudun mota ba. Ka riƙe ɗan sefa a aljihu saboda ruwa da abinci da banɗaki a Benin da Togo, kuma shawarata ka shiga babbar bas ta kamfani da ke kai mutum har ƙarshe, ya fi sauka-hau sauka-hau da kaya a kai musamman in akwai mata da yara.

Masu zuwa ta arewa su biyo Paga, Bolgatanga, Tamale, Techiman, Kumasi. Hanyar Bawku a bar ta tukuna saboda rikicin sarautar da ya daɗe a can, dokar hana fita takan tsare matafiyi. Daga Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, a bas ɗin kamfanin VIP ko STC awa biyar zuwa shida.

Wane wata ya fi dacewa in zo?

Damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli wadda ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Ni in ka tambaye ni Agusta zan ce maka, gari ya yi sanyi, iska na kaɗawa daga teku, ruwa ya ɗan tsagaita. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne, ba irin zafin Sakkwato mai ƙona fata ba, na nan danshi ne, ka yi wanka ka fito ko riga baka gama sawa ba zufa ta karyo kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Ka zo da kaya marasa nauyi, shadda mai sitati ka ajiye ta sai Juma'a. Hunturu yana isowa a Disamba da Janairu amma kafin ya kai bakin teku ya yi laushi.

Disamba gari cike yake da baƙi daga Amurka da Ingila, tun bikin shekarar komawa gida na 2019 da aka yi wa jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka abin ya ƙaru sosai, otal da tikiti duk sai su tashi. In ba dole ba ka kauce mata.

Maganar Yuni kuma ba wasa ba ce. Ambaliya tana ci a unguwannin Circle, Kaneshie, Alajo, Adabraka da duk inda kogin Odaw ya bi. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwa da gobarar gidan mai sun haɗu a Circle, mutum sama da 150 suka rasu, da yawansu fakewa suka yi daga ruwan sama, Allah ya jiƙansu. In hadari ya haɗo sosai ka zauna inda kake, kar ka ce sai ka tsallake kwata ko ka ratsa ruwa mai gudu.

A ina zan sauka?

In kana da ɗan'uwa ko mai masauki a Zango to ka huta, al'adar karɓar baƙo tana nan ba ta mutu ba. Zangunan suna da yawa, Nima, Mamobi, Newtown, Sabon Zango, Fadama, Sukura, Madina, can gabas kuma Ashaiman kusa da Tema, wanda ya zo fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema can ya fi masa. Sai dai gaskiya ɗaya, gidajen Nima a matse suke, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, mutum zai ce maka bismillah da zuciya ɗaya alhali shi zai koma kwana a masallaci saboda kai. To ka duba da kyau, in ka ga haka ka kama ɗaki a kusa ka riƙa zuwa cin abinci da hira, kuma kar ka shiga gidan mutane hannu rabbana.

Otal masu sauƙin kuɗi suna Adabraka, Kokomlemle, Asylum Down da Newtown. Masu tsada suna Osu, Cantonments, Airport da East Legon. Kafin ka biya ka hau ka ga ɗakin, ka murɗa famfo, ka tambayi janareto saboda ana ɗauke wuta jefi-jefi, ka duba taga ko akwai ragar sauro, dalilin yana cikin amsar tambayar rashin lafiya a ƙasa.

Ba na jin Turanci sosai, Hausa za ta fisshe ni?

A Zango kam har ta yi yawa. Dagomba, Zabarma, Kotokoli, Mosi, Fulani, Busanga, Wangara, kowa da yarensa a gida amma Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da masallaci. Tamu ta nan ta ɗan sha bamban, zaka ji an ce "ya zo" alhali mace ake nufi, ana kuma cusa Turanci da Twi a tsakiya, kwana biyu kunnenka zai saba, kar dai ka tsaya gyara wa mutane magana, ba sa so. In ka fita Zango Twi da Turanci ke aiki, masu garin na asali kuma Ga suke yi. Ka riƙe "medaase" ta godiya da Twi, tana sa fuskar mai sayarwa ta saki.

Ya zan yi da kuɗi?

Sidi ake kashewa, pesewa 100 sidi ɗaya. A 2007 aka cire sifili huɗu daga tsohon kuɗi amma har yau wasu tsofaffi a kasuwa da tsohon lissafi suke magana, in iya ta ce maka dubu goma sidi ɗaya take nufi, miliyan ɗaya kuma sidi 100, to in ka ji kuɗi ya yi maka wani iri ka ce a nuna maka a kalkuleta. Naira ba ta sayen komai a shago. Dala ta fi sauƙin canzawa, sefa ma ana karɓa, kuma wurin canji mai lasisi da ke ba da rasit shi ne daidai. Kowa zai ce maka Tudu da Cow Lane akwai 'yan canji masu jin Hausa, haka ne, amma canjin bakin titi doka ba ta yarda da shi ba kuma baƙo shi ake fi cuta a ƙirge.

MoMo, wato asusun kuɗi na cikin waya, ya kama ko'ina, mai tasi da mai kanti har mai koko suna karɓa. Kar ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, kuma duk wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, kashe wayar ka duba asusunka da kanka.

Layin waya fa?

MTN, Telecel da AT. Ka je ofishinsu da fasfonka a yi maka rajista da sunanka. Layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani ana sayarwa a titi, kar ka saya, ranar da aka rufe shi kuɗin MoMo ɗinka ya tafi kenan. Soket irin na Najeriya ne mai baki uku.

Ya ake yawo a cikin gari?

Tirotiro ita ce motar talaka, ƙananan bas ne da yaron mota da ake kira met yana leƙowa ta taga yana kiran unguwa, in ka ga yana juya yatsa to Circle za shi. Manyan tashoshi su ne Circle, 37, Tema Station, Kaneshie, Lapaz da Madina, in ka gane waɗannan ka gane garin. Ka riƙe canji, ka miƙa kuɗi da hannun dama, nan mutane suna jin haushin hagu ƙwarai ko da ba musulmi ba ne. Tasi kuma iri biyu ce, ta haɗaka da ta shata da suke cewa dirofin, ku gama ciniki kafin ka zauna. Uber, Bolt da Yango duk suna aiki, su suka fi wa baƙo kwanciyar hankali da dare.

Cunkoso shi ne ciwon garin nan. Daga shida da rabi zuwa tara na safe, da huɗu na yamma zuwa takwas na dare, hanyar Kasoa, Spintex, Madina da Achimota tsayawa suke cak. In kana da jirgi ka fita da wuri ko da filin a bayan gidanku yake.

Abinci fa, ya zan gane na halal?

A Zango ci kawai da bismillah. Da safe koko da ƙosai ko masa ko pinkaso, da hantsi waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa har ta yi ja, a zuba maka taliya da gari da ƙwai da ganda da shito, yawanci Hajiyoyi ne ke sayarwa kuma kafin azahar ta ƙare, in ka ga layi ya yi tsawo a nan zaka tsaya. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo, ko tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, ga tsire, ga wagashi, ga fura da burkina da sobolo da lamurje. Shito yaji ne baƙi da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande, ka fara da kaɗan.

Amma don Allah kar ka zo har bakin teku ka koma baka ci kifi ba. Dokunu, wato dafaffen ƙullun masara mai tsami, da soyayyen kifi da ɗanyen yaji shi ne abincin Ga, banku da gasasshiyar tilafiya, kelewele wato soyayyen filanten mai citta da ake sayarwa da yamma, duk waɗannan ba matsala. Inda ake kula shi ne miyar gidan abinci na waje, fufu da miya musamman, don tukunya ɗaya tana iya haɗa naman akuya da ƙafar alade da naman daji da dodon koɗi. Ka tambaya kai tsaye me da me ke ciki, ba wanda zai ji haushi, sun saba da mu, in baka gamsu ba ka ce kifi gasasshe kawai. Gasasshen naman da ake kira domedo alade ne.

Zan samu masallaci kusa?

Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na ƙasar a ƙidayar 2021, a Zango kuwa kowane lungu da masallacinsa. Juma'a ɗaya dai ka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda dab da Nima, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, hasumiya huɗu, yana ɗaukar mutum kusan 15,000, akwai kuma babban masallacin Abossey Okai. Babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu a Fadama yake zaune, an haife shi 1919, kuma Kirista da musulmi duk suna girmama shi, in ka ji ana yabon zaman lafiyar Ghana to da hannunsa a ciki. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara kuma duhu na shigowa da sauri, in zaka Osu ko bakin teku ka fita da alwala da ɗan abin sallah.

Ina so in ga teku, ina zan je, kuma zan iya shiga?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don abin yana damuna ƙwarai yadda mutum zai taso tun daga Katsina ya yi sati biyu tsakanin Nima da kasuwar Makola ya koma bai taɓa tsayawa gaban teku ba, alhali tana nan ƙasa da awa ɗaya daga inda yake kwana. Je ka gani, ka ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, ka ji ƙararsa, ayoyin da ka haddace tun kana makarantar allo zasu dawo maka sabbi. Labadi ita ce mafi kusa, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakai da kiɗa. Bojo tana yamma da gari, sai an tsallakar da kai da kwale-kwale, ta fi tsafta da natsuwa. Kokrobite tana gaba da ita. In kana da yini guda ka tafi Ada, kimanin kilomita 100 gabas, inda kogin Volta ya shiga teku. Ba zan ɓoye maka ba, wasu wuraren cikin gari leda da shara sun ɓata su musamman bayan ruwan sama.

Shiga kuma, a nan zan roƙe ka. Iya iyo a kogi ko dam ko kududdufi bai sa ka iya teku ba. Tekun nan tana da ja ta ƙasa, igiya za ta buge ka ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji shi a ƙirji. Kusan duk lokacin biki sai an ji labarin wanda ruwa ya tafi da shi, kuma sau da yawa samari ne masu ƙarfi. Ka tsaya iya ƙauri, inda mutane suke, inda akwai masu ceto, kar ka juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, kar ka hau duwatsu masu santsi, kar ka shiga da babbar riga ko dogon hijabi don in suka jiƙe nauyi suke. In Allah ya ƙaddara ruwa ya ja ka kar ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, ka bi gefe-gefe kana ɗaga hannu. Yaro kuwa hannunsa a naka ko da ƙafa kawai zai jiƙa.

Zan iya zuwa da iyali ko wurin bai dace ba?

Zaka iya, lokaci zaka zaɓa. Asabar da Lahadi da yamma Labadi akwai giya da kiɗa da shigar da ba za ka so Hajiya da yara su gani ba. Ranar aiki da safe kuwa wurin kusan naku ne ku kaɗai, ba mai kallon hijabin kowa.

In kwana biyu ko uku gare ni me zan gani?

Fara da wurin tunawa da Kwame Nkrumah, nan kabarinsa yake, kuma a filin ne ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, an gyara wurin an sake buɗewa a 2023. Kusa da shi akwai Arts Centre ta kayan hannu, gaba kaɗan dandalin Black Star. Daga nan ka gangara Jamestown, tsohon gari, ka ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, da James Fort na Ingilishi da Ussher Fort na mutanen Holan, ka leƙa inda masunta ke sauke kifi ana ƙyafe shi nan take. Talata ba sa fita kamun kifi, al'adarsu ce tun kakanni, to in jiragen kake son gani suna dawowa ka zaɓi wata rana. Bukom da ta fitar da 'yan dambe irin su Azumah Nelson da Ike Quartey tana nan cikin unguwar. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto, gidajen mutane ne.

In zafi ya ishe ka hau dutsen Aburi, awa ɗaya ko ƙasa da haka, akwai lambun itatuwa tun 1890 da iska mai daɗi. Laraba kuma kasuwar Nima ke ci, hatsi da kayan yaji da kaya daga arewa, ka zo da sassafe.

Ya cancanta in je har Cape Coast da Elmina?

Ƙwarai kuwa, in abu ɗaya zaka yi a wajen gari to wannan ne. Kilomita 150 ne ko kusa, awa uku zuwa huɗu, mota daga Kaneshie, ka fita bayan asuba kafin hanyar Kasoa ta cushe. Cape Coast ita ce hedikwatar Turawan mulki kafin su dawo da ita Ankara a 1877. Ginin Elmina mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila. Za a shiga da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan mutane ba iska ba haske, a nuna muku ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda duk wanda ya bi ta bai dawo ba, a Cape Coast ma ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza yake.

Kar ka shiga da tunanin tarihin wasu ne. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka koro su a ƙafa, ta kasuwar Salaga, Salagar da kakanninmu fatake suke zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja, aka biyo da su Assin Manso inda ake musu wankan ƙarshe a rafi. Cikin waɗanda aka sayar akwai namu, cikin masu cinikin ma akwai namu, wannan gaskiya ce da ya kamata yaranmu su ji daga bakinmu. Ka je da su in sun yi wayo, ka rage murya a ciki, ka yi wa mutanen addu'a. In lokaci ya rage dajin Kakum yana kusa, akwai gadar igiya guda bakwai a saman itatuwa, mai tsoron bisa ya jira a ƙasa.

Garin akwai tsaro?

Alhamdulillah da sauƙi, mutane suna yawo har dare. Abinda ya fi yawa shi ne yankan aljihu a Circle da Makola da Kantamanto, da fizgen waya daga kan babur, to kar ka riƙe waya a bakin tagar mota. Bakin teku bayan magariba ba wurin baƙo ba ne. Kar ka sa kaya masu zanen kakin soja, an hana farar hula, kar ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House ko bariki, kuma shan taba a bainar jama'a doka ta hana. Lambar gaggawa 112.

Damfara biyu nake so ka sani. Ta farko zinare, wani zai nuna maka gari ko dunƙule a ɗakin otal ya ce rabin kuɗi, wallahi ƙarya ne, kuma tun 2025 hukumar GoldBod ce ke da ikon cinikin zinaren ƙananan masu haƙa, an hana baƙi shiga wannan kasuwar ta cikin gida. Ta biyu ita ce aikin bogi, a kira yaro a ce an samo masa aiki a kamfani ya turo kuɗin rajista ya taho, in ya zo a karɓe wayarsa a ce sai ya jawo wasu. Iyaye ku bincika ta hannun wanda kuka sani a Zango kafin ku sallami yaro.

In rashin lafiya ta kama ni fa?

Zazzaɓin cizon sauro shi ne na farko, duk shekara akwai shi, ka kwana a gidan sauro, in jiki ya yi zafi ka yi gwaji a kemis ko asibiti kafin ka sha magani. Ruwa ka sha na leda ko na gora. Manyan asibitoci su ne Korle Bu, Ridge da 37 na sojoji wanda farar hula ma suna zuwa, mu nan kusa muna da na Mamobi. Baƙo da kuɗinsa yake biya, to ka ware wani abu, mai shan maganin hawan jini ko suga ya zo da abinsa da takardar likita.

Akwai al'adar masu gari da ya kamata in kiyaye?

Akwai. Ƙasar nan ta Ga ce, su suka ba kakanninmu wurin zama, kuma zaman ya yi daɗi ne saboda ana mutunta juna. Wajen Mayu zuwa Yuni suna sa dokar hana kiɗa da hayaniya ta wata guda kafin bikinsu na Homowo da ake yi a Agusta da Satumba, dokar tana shafar coci da masallaci da gidan biki, ba a fito da lasifika waje. In ka tarar ana bikin ka tsaya gefe ka yi kallo da ladabi, abinda bai dace da addininka ba ka wuce ba tare da ka ce uffan ba. Ka yi gaisuwa kafin ka tambayi hanya, ka bi layi, kar ka ɗaga murya a kan ma'aikaci, mutanen nan suna da sanyin hali amma ba sa son gadara.

Sallah a nan tana armashi?

Sosai ma. Ƙarama da babba duk ranakun hutu ne na ƙasa, ana idi a dandalin Black Star ga teku kusa da ku, shugabannin ƙasa suna halarta, da yamma kuma babban titin Nima ya cika da dawakai da sarakunan Zango da 'yan mata da samari cikin anko. Mai son ganin dabbobin layya ya je Tulaku a Ashaiman. Samari da yawa suna tafiya bakin teku washegarin Sallah, to a koma a karanta abinda na ce kan shiga ruwa.

In garin ya yi min zan iya buɗe shago?

Sari ka tafi da shi ba matsala. Buɗe shagon sayar da ɗai-ɗai a kasuwa kuwa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe shi ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan baƙi a Circle da Abossey Okai da Suame ta Kumasi a kan haka. Kwana 90 ɗin da na ambata a sama na ziyara ne, ba izinin aiki ba. Ka ga lauya kafin ka ba kowa kuɗin haya.

Wace tsaraba zan kai gida?

Atamfa ita ce kan gaba, GTP da Woodin, a Makola ko shagunan kamfanin, ka duba hatimi a gefen zanen don jabu ya yi yawa. Kente na hannu yana da nauyi da tsada, wanda aka buga a inji kuma araha ne, duk suna da kyau amma kar a sayar maka da na biyu a kuɗin na farko, in ta Kumasi zaka koma ka saya a Bonwire wajen masaƙa. Sai cakulan Golden Tree, man kaɗe, baƙin sabulu, goro, da shito na kwalba, shi wannan ka naɗe shi da leda biyu ka sa a babbar jaka don ba za a bar ka ka hau jirgi da shi a hannu ba. Gwanjo a Kantamanto, ta yi gobara a Janairun 2025 amma ciniki ya dawo, kuma da sassafe ake buɗe dila. In kayan sun yi yawa ka riƙe rasit ɗinsu saboda kwastam a Aflao da Seme.